Takwaran Baba

Masu bina a wannan shafi, na ga abin da kuke rubutawa a ƙasa. Wata ta ce rowar suna nake yi. Wata kuma ta ce ƙila mijin wata ne, shi ya sa nake ɓoye shi. Ba mijin kowa ba ne. Ni ma ba mijina ba ne, kuma yadda abubuwa suke tafiya ban san ko zai zama ba. Tunda wasunku yau suka fara shigowa, bari in faɗi dalilin. Ban yi karatu mai nisa ba, yadda abin ya zo mini a ka haka nake zuba shi, in kun ga na koma baya ku yi haƙuri da ni.

Sunana Loretta. Babana ya rasu a farkon sanyin bana. A wurinmu, mu Anangu, 'yan asalin hamadar ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, in mutum ya kwanta dama sunansa ma kwanciya yake yi. Ba a faɗarsa, ba a rubuta shi. Duk mai irin sunan sai ya ajiye nasa, a riƙa ce masa Kunmanara, har ranar da dangin mamacin suka ce sunan ya huta, a tashe shi. Mun yanke gashinmu, mun tashi daga gidan, mun share sawun Baba da ganye tun daga bakin ƙofa har ɗakin da yake zane. Mutum biyu ne a ƙauyenmu suka wayi gari Kunmanara: direban motar ɗakin zane, da wani tsoho mai sassaƙa. Na ukunsu shi ne wanda nake so.

Bature ne. Dogo, siriri, kunnuwansa su kan yi ja tun kafin ya buɗe baki. A gidan nunin zane na garin Alice Springs yake aiki, shi ake turowa ya kwashi zanen da tsofaffinmu suka gama. Ranar da ya fara zuwa, Baba yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya shimfiɗa ƙyallensa, yana ɗiga fenti da tsinke yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ni ina dama masa kaloli a murafen gwangwani. Baƙon ya durƙusa ya faɗi sunansa. Baba ya ɗago ya dube shi, sai dariya.

"Loretta, zo ki ga takwarana. An wanke ni da bilic an dawo da ni yaro."

"Baba, ka bar bawan Allah ya sha ruwa tukuna."

"Ɗan gidan wa?" in ji Baba.

"Corrigan."

Tsinken ya tsaya a hannun Baba. Bai daɗe ba ya ci gaba da ɗigawa. Ya ce, "To. Ka ga wannan da'irar ta tsakiya? Bayan gidanku ne."

Kalpinya kenan. Ramin ruwa ne a cikin dutse, a gefensa aka haifi Baba da ƙanwarsa, Gwaggo Maringka. Kakan wannan saurayi shi ya kewaye wurin da waya ya zuba shanu. Mutanenmu suka yi masa aiki ana biyansu da fulawa da ganyen shayi, da ya gama da su ya loda su a babbar mota ya sauke su a inda muke yanzu, ya sa kwaɗo a ƙyauren hanyar. Baba yana yaro lokacin. Tun da ya fara zane har ya bar duniya, abu ɗaya yake zanawa, Kalpinya. Wani lokaci da ja, wani lokaci da rawaya, amma tsakiyar kullum shuɗi ce, shuɗi mai sanyi har ka ji kamar ka tsoma hannu.

Na ɗauka Baba zai kore shi. Sai ga shi duk zuwa sai ya ajiye masa jelar kangaru gasasshiya a toka. Takwara kaza, Takwara kaza. Wani lokaci ya tsokane shi, "Takwara, makullin nan naku nauyi gare shi ne? Ko in aiko da mota a ɗauko?" Shi kuma kunnuwa su yi ja, ya ce zai yi wa mahaifiyarsa magana, ita ke riƙe da gonar tun rasuwar mahaifinsa. Haka aka yi ta yi, zan yi magana, zan yi magana.

Ni kuwa ban san lokacin da na fara sauraren ƙarar motarsa ba. Na dai san ranar da na ga ina canza siket sau biyu don kawai za a zo kwasar zane, yayata Verna ta dube ni ta ce, "Ƙyallen ne zai tafi Alice ko ke?"

Kafin ciwon Baba ya yi tsanani ya zo ya nemi aurena. Ina bayan tankin ruwa ina jinsu. Baba ya ajiye tsinkensa. Can ya ce, "Ni ba ni da ta cewa, Takwara. Je ka tambayi ruwa." Ya yi wata 'yar dariya. Shi ke nan. Ba a ƙara tayar da maganar ba har ya rasu.

Yanzu ku gaya mini, wannan e ce ko a'a? Ni na ji ta e. Gwaggo Maringka ta ji ta a'a mai ladabi. Verna ta ce Baba ya saba faɗar abu don kawai ya ga yadda fuskar mutum za ta yi.

Bayan jana'iza na zauna da wayata zan canza sunansa. Na goge harafin farko, na biyu, sai hannuna ya ƙi. Wa nake gogewa, Baba ko shi? Na ba Verna ta ƙarasa. Ta sa masa "Mai Kunne". Har yau haka yake a wayar.

Gwaggo ita ce babba yanzu, maganar sunan a hannunta take. Ta tara mu a gindin bishiya, da hular saƙarta har gira da baƙin siket, tana jujjuya shayi a gwangwani. Ta ce, "Sunan yayana ba zai tashi ba sai mun kai hularsa Kalpinya, mun gaya wa ruwan cewa kada ya ƙara jiransa. Ko shekara nawa za a yi."

Na ce, "Gwaggo, ai akwai kwaɗo."

"Ni na sa shi?"

"To ni kuma fa?"

"Ke kuma me? Ga Desmond can mai aikin gandun daji, sunansa garau, ba wanda ya mutu da shi, motarsa ma tana tashi ba turi."

Verna ta tuntsire da dariya, ni na fashe da kuka. Gwaggo ta bari na gama, sannan ta ce, "Ba ƙinsa nake ba, 'yar nan. Amma da wane suna fasto zai ɗaura muku? Zai ce, ke Loretta, kin yarda ki auri wane, ya yi shiru? Gidan aure kuma in tuwo ya nuna, tafi za ki yi masa kamar kare?"

Na tashi na kwashe gwangwanayen shayi. 

Ana cikin haka gidan nunin suka ce za su baje zanen Baba gaba ɗaya don girmama shi. Sun nemi izinin Gwaggo, sun cire hotonsa daga ko'ina, a ƙasan kowane zane sun rubuta Kunmanara. Ba laifi, sun yi ƙoƙari. Kuma Mai Kunne aka ba aikin karanta jawabin nan da suke buɗe taro da shi yanzu, na amincewa da asalin masu ƙasar garin, wato ƙabilar Arrernte. Ya yi ta turo mini saƙo.

*Ki duba mini wannan: Muna tsaye a kan ƙasar mutanen Arrernte. Muna girmama dattawansu na da da na yanzu. Ba su ba da ƙasar nan ba, ba su sayar ba.*

*Ya yi.*

*Ya yi kawai?*

*To me zan ce? Ni ba Arrernte ba ce, su za ka tambaya.*

*Ina so in ƙara wani abu nawa.*

*Kamar me?*

*Za ki ji. Mama ma za ta zo.*

Na karanta wa su Gwaggo jawabin a mota, a hanyarmu ta zuwa. Mun cika motar ɗakin zane fal, da barguna da burodi da garwar ruwa, Kunmanara direba yana tuƙi, Kunmanara tsoho yana gyangyaɗi a gefensa. Gwaggo ta saurara har ƙarshe ta ce, "Mutum ne ya yaye maka bargo cikin sanyi ya lulluɓa. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, na san naka ne fa, kuma saƙar ta yi kyau."

Verna ta ce, "Haba Gwaggo. Ke da bakinki kika ce da kuna 'yan mata ko cikin garin ba a barinku ku kai yamma. Yanzu su tashi tsaye a gaban jama'a su ce ƙasar ba tasu ba ce, ai an ci gaba."

"An ci gaba da lulluɓa."

"Baba yana son ji," in ji Verna. "Duk taron da muka je, in aka fara, sai ya cire hula."

"Zafi yake ji."

Aka yi dariya, har Gwaggon. Ni dai na rasa bayan wa zan bi. In Gwaggo ta yi magana sai in ji gaskiyarta. In Verna ta yi sai in ji tata. Na tuna Baba tsaye da hula a ƙirji, idonsa a rufe. Ban taɓa tambayarsa abin da yake ji ba, ga shi yanzu babu wanda zan tambaya.

Da la'asar aka buɗe. Na sa doguwar riga shuɗiya mai ƙananan fararen furanni, wadda Verna ta ce tana rage mini kama da marar lafiya, na ɗaura ɗankwali saboda gashina bai gama fitowa ba, ya tsaya cirko-cirko kamar ciyawar bayan gobara. Takalmin aro ne, yana matsa mini ɗan yatsa. Da muka shiga ɗakin sai na tsaya ina kallo. Bango fari fat, fitilu ta ko'ina, ga Kalpinya a dama, ga Kalpinya a hagu, ga shi a gaba. Ban taɓa ganinsu a tsaye ba, kullum a ƙasa na san su, da sawun kare a gefe da tabon shayi. Shuɗin nan ya kewaye mu kamar idanu.

Wata dattijuwar Arrernte ta yi mana maraba da hayaƙin ganye, don garin nasu ne, mu ma baƙi ne a nan. Sai shugabar gidan ta tashi. Na ga ta yi taka-tsantsan, ta ce, "Abokin aikinmu zai yi magana," ba ta kama suna ba. Ya fito da farar riga mai dogon hannu, ya sa botin ɗaya a ramin da ba nasa ba. Kunnuwan nan kamar an shafa musu barkono.

Ya karanta abin da ya turo mini, daidai. Sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Wurin da kuke gani a bangon nan," ya ce, "ba tatsuniya ba ce. Yana nan, a cikin gonar gidanmu. Kakana ne ya kori mai zanen daga can yana yaro. Mutumin nan ya ciyar da ni, ya roƙe ni abu ɗaya, in kai shi ya gani. Ban kai shi ba." Ya dubi inda muke. "Sunanmu ɗaya da shi. Daga yau har ranar da iyalinsa suka tsaya a Kalpinya, kada wanda ya ƙara kirana da sunan. Ku ce mini Kunmanara."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Wata Baturiya a gabana tana share hawaye da gefen gyalenta. Ni zuciyata ta cika, na ji kamar in ratsa mutane in je in gyara masa botin nan. Na ɗaga hannu zan tafa, Gwaggo ta kama mini wuyan hannu.

"Me ake tafa wa?" ta ce a kunnena. "Kunmanara ba riga ba ce da mutum zai sa ya juya a yaba. Rami ne. Gurbin wanda babu."

Hannuna ya tsaya a sama. To laifi ya yi kenan? Ai mu muka fara kiransa haka. Ko faɗar da ya yi a gaban mutane ce laifin? In bai faɗa ba kuma a ce ya yi shiru kamar kakansa. Kaina ya ɗaure, tafin bai ma gama mutuwa ba sai wata mata ta miƙe a layi na uku.

Ban taɓa ganinta ba amma na gane ta, kunnuwan iri ɗaya ne. Doguwa, busasshiya, fatar wuyanta duk rana ta dafa, da malafa a hannu da takalmin shiga garke wanda aka goge don yau. Madam Corrigan. Ba ta ɗaga murya sosai ba, irin muryar nan ce ta wadda ta saba kiran karnuka daga nesa.

Ta kira shi da sunan. Cikakke.

"Sunan mahaifinka ne," ta ce. "Ni na raɗa maka shi. Shi kaɗai ya rage mini nasa da yake amsawa in na kira. Ba za ka ajiye shi a ɗakin kallo kamar laima ba." Ta sake faɗar sunan.

Matanmu suka ja mayafi suka rufe fuska. Wata ta fara kuka irin na makoki, siriri, sauran suka kama. Tsoho mai sassaƙa ya juya wa ɗakin baya. Gwaggo ta miƙe, muka bi ta, Turawa suna matsawa suna ba mu hanya, kowa da kofi a hannu ya rasa inda zai sa idonsa.

A nan zan faɗi abin da ban gaya wa ko Verna ba. Da matar nan ta faɗi sunan, daɗi na ji. Wata da watanni ban ji shi ba. Ya shigo kunnena kamar Baba ya turo ƙofa ya ce a ɗora shayi. Ina kuka tare da mata, amma ban san kukan me nake ba, na an taɓa mana mamaci ko na ina so ta ƙara faɗa.

Muka tsaya a wurin ajiye motoci, a inuwar wata farar bishiya. Ba a jima ba sai ga Madam Corrigan ta fito, ɗanta yana biye yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta nufo mu kai tsaye. Gwaggo tana jin Turanci sarai, in ta ga dama.

"Ban zo don in ɓata wa kowa rai ba," in ji Madam. "Sunan ɗana na faɗa."

"Na yayana kika faɗa."

"Mu in namu ya mutu, faɗar sunansa muke yi don kada ya ɓace."

"Mu shiru muke yi don ya samu ya tafi."

Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffi biyu, kowacce da mamacinta a baya. Madam ta ce mijinta a can aka binne shi, a kan tudun da ke kallon dutsen, shi ya sa ba ta son a riƙa shiga. Gwaggo ta ce, "Allah ya ji ƙansa. A ɗakin haihuwar uwata kika kwantar da shi, ba mu ce ki tashe shi ba." Sannan ta miƙa tafin hannunta, a buɗe. "Makulli."

"Me za ku je ku gani a can, wurin da—"

"Mama," ɗanta ya katse ta. Ta dube shi, ya sunkuyar da kai. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Madam ta buɗe jakarta ta fito da shi. Ɗan ƙaramin makulli ne a jikin igiyar fata, ko tsawon yatsana bai kai ba. Abin da Baba ya mutu yana jira kenan. Ta riƙe shi a hannu ta juyo gare ni.

"Ke ce Loretta."

"Ni ce."

"Kina son shi?"

Na ji Verna ta taka mini ƙafa, daidai yatsan da takalmi yake matsa. Na ce, "E."

"To kira shi. Da sunansa, sau ɗaya, in ji da kunnena cewa matar da zai aura ba za ta mayar mini da shi babu-suna ba. Ki kira, in ba ki."

Hannun Gwaggo ya dawo wuyan hannuna. Kun ga inda aka saka ni? In na faɗa, na sami makullin da zai tashi sunan, amma na taka kabarin Baba a gaban ƙanwarsa. In ban faɗa ba, ƙyaure yana rufe, suna yana kwance, aure babu. Ita tana jira a faɗa kafin ta buɗe, mu muna jira a buɗe kafin mu faɗa.

Shi kuwa ya ce, "Mama, wannan ba daidai ba ne. Loretta, kada ki yi." Ya dube mu duka kamar wanda aka ce ya zaɓi idon da za a cire masa, sai kawai ya juya ya nufi motarsa. Tafiya yake da sauri, kafaɗa a sama. Na san irin tafiyar. In ya shiga motar nan kunya ba za ta bar shi ya dawo ba.

Sunan ya taso mini har maƙogwaro. Na ji ɗanɗanonsa. Na haɗiye.

"Kunmanara," na kira.

Direbanmu ya waiwayo. Tsoho mai sassaƙa ya waiwayo ya ce, "Na'am?" Shi ko gezau. Ya ce a kira shi da shi, amma kunnensa bai san nasa ba ne. Har ya kama murfin mota.

Ban yi tunani ba, bakina ne ya yi da kansa, da yarenmu, da irin jan muryar da Baba yake yi.

"Takwara!"

Ya tsaya cak. Ya daɗe a haka, hannunsa a kan murfin. Sannan ya juyo, fuskarsa duk ta jiƙe.

Na ji hannun Gwaggo ya saki nawa a hankali.

"Me ta ce?" in ji Madam.

Ya dawo har inda muke kafin ya amsa. "Ta ce ni ne mai sunan. Haka mahaifinta yake kirana."

"Ba shi na ce ta faɗa ba."

"Ba kuma ta ce ba ni da shi ba, Mama."

Madam ta dubi makullin, ta dube ni, ta dubi ɗankwalina da ya zame ya tona gashin nan nawa. Ban san me ta gani ba. Ta mayar da makullin cikin jaka. Ta sa malafarta, ta gyara, sannan ta ce wa iska, ba wa kowa ba, "Ƙyauren ya lanƙwashe, ko an cire kwaɗo sai mutum biyu sun ɗaga shi. Ni ranar Asabar zan je duba shanu ta wajen." Ta wuce.

Verna ta raɗa mini, "Wannan e ce ko a'a?"

Na ce, "Ni kike tambaya?"

Ba mu koma cikin ɗakin ba. Gwaggo ta ce a tayar da mota tun da sauran rana. Ba ta yi masa sallama ba, amma da za ta hau ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai, gyara botinka, kana tsaye gaban mutane kamar wanda aka koro." Verna ta ce a wurin Gwaggo wannan kusan sa albarka ne.

Mun bar gari, hanya ta miƙe, jar ƙasa hagu da dama. Can Gwaggo ta ce, "Verna, ina kika ajiye hular?"

"Tana cikin akwatina, a ƙulle a leda."

"A fito da ita ta sha iska."

Sai ta jingina kai da gilashi ta fara waƙar Kalpinya, wadda Baba yake yi in yana ɗiga shuɗi. Tun rasuwarsa ba wanda ya yi ta. Tsoho mai sassaƙa ya kama mata daga gaba yana buga gwiwa. Waƙar tana cewa ruwan yana nan, sanyi, ƙarƙashin inuwar dutse, tsuntsaye suna sauka, yana jiran 'ya'yansa. Na rufe ido. Na fara ganin kaina da farar riga, fasto yana faɗar sunan da ƙarfi kowa yana ji.

Wayata ta yi motsi a cinyata, daf da inda sabis yake ɗaukewa. Mai Kunne.

*Loretta, kafin Asabar dole ki sani. Ba Mama ce ta hana ni kai shi ba. Ban taɓa tambayarta ba.*

Wani ya biyo.

*Bayan an kwashe mutanenku, kakana ya sa nakiya don ya faɗaɗa ramin shanu su samu sha. Dutsen ya tsage ta ƙasa. Tun kafin a haife ni ba ya riƙe ruwa. Ƙura ce a ciki da kashin shanu. Na kasa kai shi ya ga haka. Na kasa gaya masa.*

Na karanta, na sake karantawa. Je ka tambayi ruwa. Da 'yar dariyar nan. Baba ya sani ne? Tsofaffin makiyaya suna yawo, suna magana, ƙila wani ya gaya masa tun tuni, ya ci gaba da zuba shuɗinsa. In ya sani, to me ya ce wa Takwara a ranar, a'a ce da ba ta da gyara, ko so yake yaron ya buɗe baki ya faɗi gaskiya? In kuma bai sani ba, wa za mu je mu gaya wa cewa kada ya ƙara jira?

Na fara rubuta amsa, sandunan sabis suka ɓace.

Gwaggo ta kai ƙarshen baiti. Ta buɗe ido, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun Baba yana da rai. Ta ɗora hannunta a gwiwata.

"Yaron ne? Me ya ce?"

Na kife wayar a cinyata.

"Ya ce ƙyauren yana da nauyi, Gwaggo."

"Za mu ɗaga," ta ce, ta koma waƙarta.